Turbo a Motar Baffa

Motar da Baffa ya bar mana doguwa ce, irin mai faɗin bayan nan da ake cewa wagon. Fara ce a da, amma rana da shekaru sun mai da ita kalar kindirmo. Baffa, mahaifinmu, malamin dabbobi ne, da ita ya yi ta zaga rugage yana yi wa shanu allura har ya yi ritaya, kuma har yau in rana ta dake ta sai ka ji warin maganin kaska yana tasowa daga baya. Ba ta da gudu, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba. Abin da take da shi murya ce. In ta shawo kwanar layinmu a Fadaman Mada, injin yakan yi wani gurnani mai kauri, in an sauke giya ya ɗan yi tari, sannan ya mutu a hankali a ƙofar gida.

Babu wanda ya san wannan muryar kamar Inna. Idonta ya fara rauni tun Baffa yana da rai, yanzu kuwa inuwar mutum kawai take gani. Tun ina yarinya na lura da wani abu: da zarar ta ji motar ta shawo kwana, sai ta kai hannu ta jawo mayafinta zuwa goshi ta gyara zama. Baffa ya rasu, hannun bai daina ba. Ko ni ke tuƙi ko Hamma, sai ya tashi ya gyara mayafin. Ba ta san na gani ba, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Irin wannan ba a faɗarsa a gidanmu.

Hamma shi ne babban wanmu, ɗan farin Inna, kuma a nan duk matsalar take. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Kakarmu ce ta raine shi. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana. In ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta amsa can ƙasan maƙoshi tana fuskantar bango. In tana son sanin ko ya ci abinci, ni za ta ce wa, "Ki duba ko mutumin nan ya sa wani abu a cikinsa." Shi ma in yana da magana, ni zai tare a zaure. Tun da na iya magana nake kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke kwana a gida ɗaya. Da ina ganin abin burgewa ne. A shekarar turbo na tsani wannan aike.

Abin ya faro ne daga wata tafiya da muka yi zuwa Tilde, wajen Yafendo, ƙanwar Inna. Duk wanda ya san hanyar Jos ya san hawan Panshanu. A nan motar Baffa take nuna shekarunta. Ran nan Hamma ya sauke giya, ya sake saukewa, muna tafe kamar masu rakiyar amarya, tirela tana bayanmu tana ta danna mana oda. Sai wata 'yar jar mota, wadda ba ta kai rabin tamu ba, ta fito ta wuce mu kamar a tsaye muke. Mai ita abokin aikin Hamma ne, har da ɗago hannu. Da muka isa, Hamma ko furar Yafendo bai sha da kirki ba.

Bayan kwana biyu ya tare ni a zaure fuskarsa a sake.

"Na gano sirrin motar mutumin nan," in ji shi. "Turbo gare ta."

"Mene ne kuma turbo?"

"Wata 'yar fanka ce. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya ta, ita kuma ta cusa wa inji iska da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Ana iya sa wa kowace mota. Zan sa wa ta Baffa."

Ni malamar makaranta ce, ba bakanikiya ba, amma ina da waya kuma ina da taurin kai. Na yi ta karatu da kallon bidiyo a tsakanin darussa har kaina ya ɗau zafi. Abin da na fahimta ba shi da wuya. Motar da aka ƙera da turbo tun daga kamfani, an gina cikinta don haka. Fistin ɗinta masu ƙwari ne, an yi wa mai hanyoyin da zai bi ya sanyaya su, lagireton babba ne, kwamfutar da ke ba ta fetur ta san da zaman turbon. Ta Baffa an gina ta ne don ta shaƙi iska da kanta, gwargwadon ƙirjinta. Akwai masu ƙara wa irinta turbo su ci nasara, amma sai sun buɗe injin sun canja kusan rabin abin da ke ciki, sun kuma samu wanda ya iya saita kwamfuta. In ba haka ba, ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ke nan.

Na samu Hamma na zayyana masa duk wannan. Na ce, "In gudu kake so, ka sayar da ƙaramar motarka, ka cika ka sayi wadda ta zo da turbonta. Ga 'yan Kwatano nan jere a bakin titi. Ka yi tserenka da abokinka, ka bar ta Baffa ta ci gaba da kai Inna asibiti da unguwa."

"Ta ci gaba har yaushe?" ya ce. "Kin ji abin da ƙannenmu suke cewa. Wai a sayar a raba, tunda ko Jos ba ta iya zuwa da mutunci. Motar da aka daina hawa mutuwa take yi. So kike ta zauna a ƙofar gida kaji su riƙa ƙwai a cikinta?"

Wannan shi ya fi ba ni haushi, domin ba ƙarya ya yi ba. Ba don raini yake son taɓa motar ba, don so ne. Da ɗan banza ne mai neman burga kawai, da na san yadda zan yi da shi. Amma mutum ne da ke wanke motar da hannunsa duk Juma'a, yana goge sitiyarin da Baffa ya riƙe. Ya yanke cewa zai ceci motar, kuma babu mai hana Hamma ceton abin da ya ga dama.

Mutum ɗaya ce a duniya za ta ce masa bari ya bari. Na same ta a ɗaki tana jan carbi, na zauna na faɗa mata komai da harshen da za ta gane. Na ce za a fasa cikin motar, za a ɗaura mata abin da ba nata ba, kuma in ta lalace ba za ta dawo yadda take ba.

"Inna, ki yi masa magana. Sau ɗaya tak."

"Ni?" ta ce, kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. "Ke yanzu kin girma har haka?"

"To ki ba ni saƙo mai ƙarfi. Ki ce kin hana."

Ta ci gaba da murza carbin. Can ta ce, "Ki ce wa mutumin nan Baffanku bai taɓa gudu ba, kuma bai taɓa makara ba."

A wajen Inna wannan tsawa ce. Na san nauyin abin da ta faɗa, na san kuma abin da ta haɗiye kafin ta faɗe shi. Na kai saƙon yadda ta ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Hamma ya saurara, ya yi murmushi.

"Inna ce ta faɗa, ko ke kika ɗinka?"

"Je ka tambaye ta."

"Kin san ba zan iya ba, shi ya sa kika ce haka."

Ji na yi kamar in kurma ihu. Shekara da shekaru ina kai masa saƙon a ci abinci, a sha magani, a je gaisuwar mutuwa, bai taɓa zargina ba. Ranar da saƙon bai yi masa daɗi ba, ranar na zama tela. Kuma ba ni da shaida, domin shaidata tana bayan bango ɗaya tana jin mu, ba za ta tanka ba.

Washegari na yi abin da ba a yi. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta yana gaisuwa, sai na ɗaga murya na ce, "Inna, ga Hamma, maganar motar nan ta jiya." Inna ta ƙara juyar da kai ta ce da ni, "Kin ba awaki ruwa kuwa?" Hamma ya tashi da sauri kamar wanda ya taka garwashi. A zaure ya wanke ni tas, wai boko ya cire mini kunya, wai na tozarta tsohuwa. Ita ma Inna ta wuni ba ta kula ni ba. Su biyun da ba sa magana da juna sun haɗu a kan abu ɗaya, ni ce marar tarbiyya.

Garejin da ya kai motar yana gaba da Shadawanka, a wani fili da ƙasarsa ta zama baƙa don mai. Na bi shi ranar farko, ba don ya gayyace ni ba. Bakaniken mutum ne mai fara'a da saurin baki, irin waɗanda kalmar "ban iya ba" ba ta taɓa ratsa haƙoransu ba. Da za ka kawo masa jirgin sama, cewa zai yi ka dawo jibi. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya bubbuga injin da tafin hannu.

"Ƙaramin aiki ne, Alhaji. Wannan inji ƙarfe ne na da. Zai ɗauka."

Ya shiga rumfa ya fito da turbon a cikin buhun siminti. An ciro shi ne daga wata mota da ta yi haɗari, siffarsa kamar dodon koɗi, duk tsatsa a gefe ɗaya. Na tambaye shi fistin fa, za a canja? Zafin da zai ƙaru fa, ina za a kai shi? Wa zai saita fetur? Bai kalle ni ba. Sai ya kalli Hamma ya yi dariya ya ce, "Hajiya ta yi karatu." Daga nan suka ci gaba da maganarsu kamar na tafi.

Jibin nan ya zama makonni. Kowane gyara sai ya haifi ɗa. Aka kira mai walda ya lanƙwasa bututu, bututun ya hana bonet rufuwa, aka yanke aka sake. Aka huda ƙasan inji don mai ya samu hanyar komawa, wajen ya riƙa ɗiga. Famfon fetur ya yi kaɗan, aka nemo babba, babban ya riƙa shaƙe injin yana baƙin hayaƙi. A duk tsawon lokacin a keke Napep nake kai Inna asibitin ido, tana riƙe da ƙarfe da hannu biyu, kowane rami sai ta ce "Ya Salam" a hankali. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da yamma dai takan karkata kai wajen titi in ta ji mota ta shawo kwana, sannan ta koma ga abin da take yi.

Ranar da motar ta dawo ina tsakar gida. Na ji ta tun daga nesa, tana wani siririn fito kamar butar shayi ta tafasa. Amma a ƙarƙashin fiton gurnanin nan yana nan, tarin ma yana nan. Na kalli Inna. Hannunta ya tashi, ya tsaya a hanya, sannan ya ƙarasa ya jawo mayafin.

"Motar Baffanku mura take yi?" ta tambaye ni.

Na yi dariya har da ƙwalla, rabi don maganar, rabi don sauƙin da na ji. Na ce a raina to shi ke nan, a tsaya a nan, na yafe.

Gaskiya motar ta ƙara ƙarfi, ba zan hana ta haƙƙinta ba. In Hamma ya taka totur sai ta ɗan yi jim, fiton ya tashi, sannan ta zabura har bayanka ya manne da kujera. Ya riƙa zagaya gari da ita ba dalili, daga Fadaman Mada zuwa Ƙofar Wambai sayen abin da akwai shi a bakin layinmu. Amma allurar zafi ba ta zama inda take zama a da, kullum tana leƙen ja. In ya matsa mata kuma sai in ji wata ƙara a ciki kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na karanta abin da wannan ƙarar take nufi, fetur ne ke fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin. Na faɗa wa Hamma. Ya faɗa wa bakanike. Bakanike ya ce fetur ɗin yanzu ne ba shi da kyau.

Sai aka haifa wa Yafendo jika, aka sa ranar suna. Na roƙi Hamma mu tafi a ƙaramar motarsa. Ya ce Inna ba ta jin daɗin zama a cikinta, kuma wannan ma gaskiya ne. Na ce to ya yi mini alkawari ba zai matsa mata a hawa ba. Ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da ni da shi muka san ma'anarsa.

Mun fita da asuba, Inna a baya da ƙwaryar tsaraba a cinyarta. Har muka wuce Nabordo lafiya lau. Da muka fara hawan Panshanu sai ga tirela a gabanmu tana ja da ƙyar. Na ga yatsun Hamma sun ƙara damƙe sitiyari.

"Hamma, allura ta kai ja."

"Na gani."

Ya fito daga bayan tirelar, ya taka totur har ƙasa. Fiton ya tashi sama, motar ta zabura, muka wuce tirelar, muka wuce wata motar haya a gabanta. Ya juyo ya kalle ni, fuskarsa duk haske, irin kallon yaron da ya ci jarrabawa. Tsakuwar cikin gwangwani kuwa ta zama duwatsu. Sai wani abu ya buga a gaba da ƙarfi har na ji shi a tafin ƙafata, hayaƙi ya turnuƙe ta ƙarƙashin bonet, motar ta yi shiru tana gangarawa gefen hanya. Tirelar ta zo ta wuce mu a hankali, direban bai ma danna oda ba.

Na fitar da Inna na shimfiɗa mata gyalena a gindin wata bishiya. Baƙin mai yana bin kwalta yana gangarowa ta inda muka fito. Hamma ya tsaya a gaban motar hannu a ƙugu, bai buɗe bonet ba. Ina da maganganu cike da baki, na shirya su tun makonni, amma da na ga irin tsayuwar da ya yi sai na haɗiye su. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, lafiyarmu ƙalau," ta ci gaba da riƙe ƙwaryarta. A motar haya muka ƙarasa, mun samu an riga an raɗa suna.

Aka jawo motar zuwa gareji da igiya. Bakaniken nan ya leƙa, ya girgiza kai da tausayi. Fistin ya narke, sandarsa ta fasa jikin injin ta fito waje, ba abin gyarawa. "Dama injin ya tsufa, Alhaji," in ji shi. "Waɗannan na da ɗin ba sa ɗaukar wahala." Bakin da ya ce ƙarfe ne na da, shi ne dai wannan. Na juya na fita daga filin, don in na tsaya za a ji abin da bai dace a ji daga bakin malamar makaranta ba.

Ba a samu irin injin ba, an daina kawo shi. Aka samo wani na Kwatano daga wata ƙirar dabam, aka yi masa ƙafafu aka zaunar da shi. Don ya biya, Hamma ya sayar da ƙaramar motarsa, ita dai wadda na ce ya sayar tun farko ya sayi mai turbon kamfani. Yanzu ba shi da tasa, ba shi da turbo. Na tambayi inda tsohon injin yake, ko don a ajiye shi a bayan gida. Aka ce 'yan gwangwan sun ɗauka, an ɗora shi a sikeli.

Wata rana bayan la'asar Hamma ya kawo motar gida. Inna tana kan tabarma a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ni ina gefenta. Na ji mota ta shawo kwana, lumui, ba gurnani ba tari, kamar keken ɗinki sabo. Ta tsaya a ƙofar gida. Idona yana kan hannun Inna. Ya ɗauki gyaɗa, ya fasa, ya zuba a tire, ya ɗauki wata.

Hamma ya shigo ta zaure da makulli a hannu. Bai yi sallama ba, ya dai tsaya a bakin ƙofa yana jira, kamar mai son a ce masa sannu da ƙoƙari. Inna ta ji takun, ta ga inuwa. Ta ɗago kai ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Bawan Allah, wa kake nema?" ta ce.

Maganar farko ke nan da na taɓa jin ta yi masa kai tsaye. Ya ce, "Ni ne, Inna."

Ta kau da kai da sauri zuwa bango. Ta daɗe tana juya ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsunta, kafin ta ce da ni, "Ki tambayi mutumin nan yaushe za a dawo da motar Baffanku."

Hamma ya kalle ni. Kallon da ya saba yi mini ne tun muna yara, na in karɓi magana in kai. Na tattara ɓawon gyaɗa a zanina na miƙe.

"Ka ji da kunnenka, Hamma," na ce. "Wannan ba ni na ɗinka ba."

Na shige kicin na bar su a tsakar gida, ita tana fuskantar bango, shi yana riƙe da makulli.